Yadda ake gane asid da alkali da ruwan zoɓo

Jan launin zoɓo sinadari ne mai suna antosayanin, kuma yana sauya kala gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi. Shi ya sa zoɓo ke iya zama ma'aunin gane asid (abu mai tsami, kamar lemun tsami) da alkali (kishiyar asid, kamar kanwa) a gida ko a aji.

A zuba busasshen zoɓo cokali biyu a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a bar shi minti 10, a tace. Kada a sa sukari, citta ko kanumfari. Sai a ɗebi cokali ɗaya na wannan ruwan a tsarma a rabin kofin ruwa mai tsafta har ya zama ja mai haske. Wannan matakin ne aka fi yin kuskure. Zoɓo da kansa asid ne, don haka in ya yi kauri, tsaminsa zai cinye alkalin da aka ɗiga, launin ya ƙi motsi, a ɗauka gwajin bai yi ba.

A raba shi a kofunan gilashi huɗu, a ajiye ɗaya ba a taɓa ba don kwatance. A na biyu a matsa lemun tsami: jan zai ƙara haske. A na uku a ɗiga ruwan kanwa, a na huɗu tataccen ruwan toka, ɗigo-ɗigo ana motsawa. Launin zai yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi, sannan kore. In alkalin ya yi yawa, sinadarin yakan lalace ya koma ruwan ƙasa, ba ya dawowa.

Asid yana sakin ƙwayoyin haidirojin a ruwa, alkali kuwa karɓe su yake yi. Ma'aunin pH, wanda ke nuna ƙarfin asid ko alkali, yana tafiya daga 0 zuwa 14: ruwa zalla 7 ne, lemun tsami wajen 2, kuma kowane mataki da aka sauka, ƙarfin asid yana ƙaruwa ninki 10.

Yanzu a matsa lemun tsami a kofin kanwa. Ja zai dawo, ƙananan kumfa na iskar kabon dayoksaid su taso. Abin da ke faruwa ke nan idan aka jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami.

Kada a gwada ruwan batir ko sodar yin sabulu, suna ƙona fata. Ruwan bilicin wanki kuma goge launin kawai yake yi, in ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai guba.