Hoto na fita amma babu sauti: gyaran kwamfutar kallo ta falo

Fara da tsarin kunnawa. Kunna talabijin da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) tukuna, kwamfuta ta zo daga ƙarshe. Wayar HDMI ce ke gaya wa kwamfuta irin sautin da talabijin ko amfilifayar ke iya ɗauka, idan kuwa kwamfutar ta tarar da su a kashe, sai Windows ta mayar da sauti kan lasifikarta ta ciki.

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl. A shafin Playback zaɓi sunan talabijin ko amfilifayar, ka danna Set Default. In bai bayyana ba, danna-dama a fili ka nuna na'urorin da aka kashe.

Lasifika shida ne amma biyu kawai ke magana? Danna Configure, zaɓi 5.1 (tsarin lasifika shida), gwada kowace ɗaya. Sai dai a nan mutane ke ɓata lokaci: in da wayar haske ta Toslink ka haɗa amfilifayar, ba ta ɗaukar tashoshin sauti shida sai an matse su da tsarin sauti na Dolby Digital ko DTS, tsarin TrueHD kuwa ba ya wucewa ko kaɗan. Don haka kunna passthrough (wato aika sautin ga amfilifaya yadda yake a matse) a manhajar kallon bidiyo kamar Kodi ko VLC, ko ka koma HDMI, wadda ta fi sauƙi.

Sauti na karkarwa ko tsinkewa? A shafin Playback buɗe Properties na na'urar, shiga Advanced, sa 48000 Hz.