Yadda Ake Adana Siffar Tsohon Rumbun Hatsi na Kanada a Kwamfuta

Dogayen rumbunan hatsi na katako da ke filayen yammacin Kanada suna ta ƙarewa: wasu gobara, wasu rusau. A Inglis, lardin Manitoba, guda 5 na nan a jere.

Da farko, nemi izinin masu kula da wurin. Ka zaɓi ranar da gari ya lumshe, don inuwa tana ɓata aikin.

Sai ka kewaye ginin kana ɗaukar hoto, kowane hoto ya maimaita fiye da rabin na baya. A nan ake yawan kuskure, kada ka yi garaje. Rufin kuwa sai da jirgi marar matuƙi.

Zuba hotunan cikin manhajar Meshroom, kyauta ce, ta haɗa siffar ginin. Ajiye kwafi 2, ka rubuta wuri da kwanan wata.