Yadda ake sakar wa Allah ragama ba tare da an naɗe hannu ba

A majami'a babu addu'ar da ta fi sauƙin fita daga baki kamar "a aikata nufinka". Kowace Lahadi muna faɗinta cikin Addu'ar Ubangiji, yaran makarantar Lahadi ma sun haddace ta tun kafin su iya ɗaura zane. Nauyinta ba ya bayyana sai ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso, ko likita ya ja ki gefe ya rage murya, ko wanda kika sa rai da shi ya kai kayan gaisuwa wani gida.

Na daɗe a Zumuntar Mata, kuma masu biyo ni bayan an tashi taro suna cewa "Mama, ki taya ni addu'a in san nufin Allah" yawanci iri biyu ne. Akwai wadda ta riga ta gama yanke shawara, so take kawai a ce mata Allah ya amince. Akwai kuma wadda ta gaji, tana so ta ce "haka Allah ya so" ta huta da tunani. Dukansu biyu ba su miƙa komai ba tukuna. Ga yadda nake bi da su, ke ma za ki iya bi a ɗakinki ba sai kin zo wurina ba.

Ki fara da faɗin abin da kike so, ƙarara. Mutane da yawa suna tsammani ladabi ne su ɓoye wa Allah son zuciyarsu, su shiga addu'a da "duk yadda ka yi daidai ne" alhali ciki yana tafasa. Ki buɗe Matiyu 26 daga aya 36 ki ga yadda Yesu ya yi a Getsamani. Roƙonsa na farko shi ne a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. Bayan ya faɗi wannan ne ya ce kada a bi nufinsa, a bi na Uba. Hannatu ma a Shilo ba ta yi kwana-kwana ba, ɗa namiji ta roƙa, tana kuka har Eli ya zaci buguwa ta yi. Saboda haka ki ɗauki takarda da biro. Ki rubuta a layi ɗaya: ina so in auri wane, ina so a bar ni a wannan asibitin, ina so mahaifiyata ta tashi. Kada ki yi masa ado da kalmomin wa'azi. Abin da ba ki yarda kina riƙe da shi ba, ba ki da yadda za ki sake shi.

Daga nan ki duba ko an riga an ba ki amsa. Wannan wurin ne mutane suka fi tsallakewa, don ba shi da daɗi. Yawancin nufin Allah ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake. 1 Tasalonikawa 4:3 ta ce nufin Allah shi ne tsarkakewarmu, mu guji fasikanci. Mika 6:8 ya faɗi abin da ake nema a wurin mutum: gaskiya, jinƙai, da tafiya cikin tawali'u da Allah. In saurayin mijin wata ne, babu wani azumin da za ki yi a kai. In aikin da aka yi miki tayi sai an canza shekarun haihuwa a takarda kafin a samu, ba ki bukatar mafarki. Na sha ganin mace ta yi azumin kwana uku ba ci ba sha don a ƙara wa maigida girma a wurin aiki, alhali ita da faccalarta gida ɗaya suke, rijiya ɗaya, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Wata kuma ta ci kuɗin adashe tun bara, tana kauce wa uwar adashe a kasuwa, amma ita ce gaba-gaba wajen neman Allah ya bayyana mata shirinsa na shekara goma masu zuwa. Sama'ila ya gaya wa Saul cewa biyayya ta fi hadaya (1 Sama'ila 15:22), kuma Yesu ya ce in kin kawo baiko gaban Allah kika tuna ɗan'uwanki yana da wata magana game da ke, ki ajiye baikon ki je ku shirya tukuna. Ki biya bashin, ki je ki yi gaisuwar, sannan ki dawo kan babbar tambayarki. Sau da yawa kafin ki dawo ta yi sauƙi.

Yanzu sai mai wuyar. A ƙasan takardar nan, ki rubuta abin da kika fi tsoro ya faru. Ba zan haihu ba. Zai auri wata. Ciwon ba zai warke ba. Hannu yakan yi rawa a nan, wasu ma sukan ce mini, "Mama, ai wannan jawo wa kai ne." Ba jawowa ba ne. Bakinki ba shi ke mulkin duniya ba, Allah ne. Ki karanta Daniyel sura 3. Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderun wuta, sannan suka ƙara a aya 18 cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mu mun fi son aya 17, ita muke rerawa da ganga da tulu. Amma miƙa kai yana cikin "ko da bai" ɗin nan. Habakuk ya yi irin wannan magana da harshen manoma a ƙarshen littafinsa: ko ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Wanda ya taɓa shuka masara ruwa ya ɗauke tana cikin fitar da gemu ya san ba ƙaramar magana ba ce.

To, ki durƙusa ki karanta layin nan na ƙasa da murya, ki ce, "Ya Uba, ko da haka ta faru, kai ne Allahna, zan bi ka." Ki lura da abin da ya faru a ƙirjinki. In maganar ta fita, ko da hawaye, kin saki. In ta tsaya a maƙogwaro, kada ki tilasta ta, kada kuma ki yi ƙarya. Akwai addu'ar da aka tanadar wa irin wannan rana, ta mahaifin yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ki tsaya a kanta har sai ɗayar ta iya fita. Abin da nake gudar miki shi ne ki ba da akuya ki riƙe igiya, ki ce kin bar wa Allah amma da sharaɗin ya yi yadda kika tsara kafin Kirsimeti.

Sai shawara. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yakan wargaje in babu shawara. Ki nemi mutum biyu ko uku da suka san Littafi, suka san ki, kuma ba sa jin nauyin ce miki a'a. Ƙawar da kullum take cewa "wallahi kin yi daidai" ba ta cikin lissafi. Matar fasto, wata dattijuwa a zumunta, kawunki mai tsoron Allah, irin waɗannan. Ki gaya musu labarin duka, har da ɓangaren da bai yi miki kyau ba.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin yana ci mini rai. Garuruwanmu sun cika da masu cewa an nuna musu. Wani zai karɓi kuɗinki ya ba ki kwalbar mai ya ce ga nufin Allah. Wani ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙa zai tare yarinya bayan sujada ya ce Ubangiji ya bayyana masa ita ce matarsa. Amsar da nake koya wa 'yan mata ita ce, "Madalla, ɗan'uwa, bari ya bayyana mini ni ma, kuma ka je ka ga Baba Fasto da iyayena." Ban ce Allah ba ya magana ta mafarki ba, ya yi da Yusufu mijin Maryamu. Amma 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi, kuma mafarkin da ya saɓa wa Littafi, ko ya zo daidai da abin da kika kwana kina sha'awa, a yi masa tambayoyi. Haka ma rufe ido a buɗe Littafi Mai Tsarki a ɗora yatsa. Wannan ƙuri'a ce, ba karatu ba.

Kada kuma ki auna nufin Allah da sauƙin hanya kawai. Yunusa da ya tashi gudu ya sami jirgi a Yafa yana shirin tafiya Tarshish, kuɗin jirgi ma yana da shi. Komai ya tafi sumul, kuma tawaye yake yi. A ɗaya gefen, mu 'yan ikilisiyar ECWA ya kamata mu tuna tushenmu, wato 'yan mishan da suka fara aikin. Samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a Disamba 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Da a ce duk wahala alama ce ta "a'a", da an rufe maganar tun a kan kabarin farko. Wani lokaci kuma rufewar hanyar da gaske ce: a Ayyukan Manzanni 16 an hana Bulus shiga Asiya da Bitiniya, sai da ya kai Taruwasa kafin kiran Makidoniya ya zo. Abin lura shi ne bai zauna ba, yana cikin tafiya aka juya shi.

Wannan ya kawo ni kan masu naɗe hannu. Hausawa suna cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, kada ki neme ta a Littafi, amma Nehemiya ya yi aiki da irinta: suka yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Miƙa kai ba ya hana ki zuwa asibiti da ƙullutun da kika ji a nono, yau, ba bayan taron addu'a na wata mai zuwa ba. Ba ya hana ki rubuta jarrabawa karo na biyu. Bulus da aka so a zalunce shi ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Kuma 'yar'uwa, in ana dukanki a gida, zama shiru har a kashe ki ba nufin Allah ba ne. Ki gaya wa dattawan ikilisiya da danginki, ki tsira da ranki da 'ya'yanki tukuna.

Wata yarinya malamar asibiti ta zo mini da takardar canji zuwa wani ƙauye mai nisa, inda ba wuta, ruwa sai rijiya. Ta ninke takardar har ta fara yagewa a tsakiya. Muka bi matakan nan. Da ta rubuta tsoronta, ashe ba rashin wuta ba ne, tana tsoro in ta bar gari ba za ta sami miji ba. Ta kai roƙonta ofis ta hanyar da ta dace, ta ƙi ba da cin hancin da wani ya nuna mata zai gyara komai, aka ce sai ta tafi. Ta sayi fitila mai caji da gidan sauro ta hau mota. Har yau ba ta yi aure ba, ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Tana can tana karɓar haihuwa, ita ce kuma ke koyar da yara ranar Lahadi.

Ki sani za ki sake ɗaukar abin da kika ajiye. Yau ki saki, jibi da tsakar dare ki farka kin same shi a hannunki. Wannan ba ya nufin na farkon ƙarya ne. Yesu sau uku ya koma ya yi addu'a ɗaya a dare ɗaya. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna (2 Korintiyawa 12:7-9). Ki sa takardar cikin Littafinki. Da asuba, kafin ki taɓa waya ko ki hura wuta, ki buɗe ki sake karanta layin sama da na ƙasa, ki tambayi abu ɗaya: me aka sa a gabana yau? Shi za ki yi.

Abu na ƙarshe ya shafi bakinmu a kan wasu. Wannan addu'a mutum shi ke yi wa kansa, ba a cusa masa ita. In kin shiga gidan makoki, uwa tana zaune a tabarma an binne ɗanta da safe, kada ki yi saurin cewa "haka Allah ya so, ki daina kuka". Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye a bakin kabarin. Abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin Allah. Ki yi gaisuwa, ki zauna kusa da ita. Ki ɗebo ruwa, ki wanke kwanukan baƙi, ki duba ko ƙananan yaran sun ci abinci. Ki sake komawa bayan mako biyu, lokacin da dangi sun watse, ki tafi da ɗan kunu ko tuwo, in ta ce ku yi addu'a ki bar ta ta fara.