Kurakuran da aka fi yi wajen neman 'yan wasa don doguwar tafiyar teku ta intanet

Wasan kwaikwayo na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice) da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ba ya cin kaya da yawa. Mutum ɗaya ke riƙe da zaren labari, shi ne jagora. Sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙa magana da bakinsa, yana yanke masa shawara. Idan aka zo kan abin da ba a san ko zai yiwu ba, a jefa ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Yanzu da ake haɗuwa ta intanet a Discord (manhajar hira da murya da rubutu) ko Roll20 (shafin buga irin wannan wasa), ko teburin ma ba a nema. Mutane ake nema, kuma wajen nemansu ne jagorori da yawa ke yin tuntuɓe tun jirgi bai bar gaɓa ba.

Labarin teku ya fi kowane iri rashin yafe wannan tuntuɓen. A labarin tudu, idan ɗan wasa bai zo ba, sai a ce jaruminsa ya tsaya a masauki yana jinya, a ci gaba. Idan sabon mutum ya shigo, a ce an gamu da shi a kasuwa. Amma jirgin da ya yi kwana goma a tsakiyar ruwa ba shi da masauki, ba shi da kasuwa. Duk wanda ka ɗauka yana tare da kai har sai an ga tudu. Saboda haka jagora ya sa a ransa cewa ma'aikatan jirgi ɗaya yake tarawa, mutanen da za su iya zama da juna wata da watanni.

Sanarwar da ba ta faɗi komai ba

"Ana neman 'yan wasa, labarin 'yan fashin teku, mai so ya yi magana." Haka yawancin sanarwa take, kuma ita ce uwar sauran matsaloli. Labarin teku ai ba iri ɗaya ba ne. Skull & Shackles, shiryayyen labarin da kamfanin Paizo ya fitar a 2012 don wasan kan tebur na Pathfinder, yana farawa ne da jaruman da aka sato aka tilasta musu aiki a jirgin wani azzalumin kyaftin, suna shan wuya kafin su samu nasu jirgin su zama 'yan fashi da kansu. Ghosts of Saltmarsh, littafin labaran D&D na 2019, ya fi karkata ga ƙaramin garin bakin teku, masu fasa-ƙwauri da dodannin ƙarƙashin ruwa, kuma ana yawan dawowa tudu. Shi kuwa wasan 7th Sea, da ya fara fitowa a 1999, na masu son wasan takobi ne da makircin fada, a duniyar da aka ƙera bisa Turai ta ƙarni na 17. Wanda ya zo da burin kwasar ganima, da wanda ya zo don ya zana taswirar tsibiran da ba a taɓa takawa ba, da mai son siyasar tashar jiragen ruwa, dukkansu za su amsa waccan sanarwar, kuma biyu daga cikinsu za su tashi da takaici.

Gyaran shi ne ka faɗi abin da mutum zai riƙa yi idan an zauna. Ga yadda sanarwa mai amfani za ta iya kasancewa:

"Ina neman mutum 4 don wasan D&D bugu na 5. Ku ma'aikata ne a ƙaramin jirgin fatauci da bashi ya yi wa katutu, kyaftin ɗinku ya ɓace ya bar rabin taswira. Rabin wasan bincike ne da hira, sauran faɗa. Duk Asabar, ƙarfe 8:30 zuwa 11:00 na dare agogon Najeriya da Nijar, da murya a Discord, ba bidiyo. Da Hausa za mu yi, dokokin suna Turanci amma zan fassara. Muna sa ran zama 12. Sabon shiga na iya nema. Kyauta ne, ba a sa kuɗi."

Duk wanda ya karanta wannan ya san ko nasa ne. Kuma ka lura ba a cika shi da tarihin daulolin da jagora ya ƙirƙira ba. Wasu kan zuba shafi biyar na sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe a sanarwa, babu ko layi ɗaya da ya faɗi ranar wasa. Ajiye tarihin nan, za a so shi daga baya idan an shiga jirgi.

Barin maganar lokaci sai an taru

Wannan ya fi dodanni kashe wasa. Jagora ya tara mutum shida masu zumuɗi, sannan ya ce to wace rana ta yi wa kowa? Sai a shafe sati biyu ana jefa ranaku, zumuɗin ya huce. Kai ne za ka fi kowa wahala a wasan, don haka kai za ka tsayar da rana da sa'a tun farko, wanda ta yi masa ya nema.

Idan 'yan wasanka suna ƙasashe daban-daban, kada ka rubuta "ƙarfe 8" kawai. Ƙarfe 8 na dare a Kano ko Zinder ƙarfe 7 ne a Kumasi, ƙarfe 10 a Jidda. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne sauyin agogo. Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu duk shekara, amma Ingila kan tura nata gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuma nata ranakun daban ne: Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadi ta farko ta Nuwamba. Ɗan wasan da ke Landan, wanda agogonsa ya yi daidai da na Kano a watan Yuli, zai koma baya da awa ɗaya a Disamba. Wataƙila a sabon lokacin bai ma taso daga aiki ba. A tambaye shi tun yanzu. Discord na da hanyar rubuta lokaci ta yadda kowa zai gan shi da agogon garinsa, a yi amfani da ita.

Sai lokutan salla. Zaman da aka sa ƙarfe 6:30 na yamma zai ci karo da Magariba da Isha'i, a yi ta tsayawa faɗa na tsaka. Bayan Isha'i ya fi kwanciyar hankali. Idan kuma tafiyar za ta ratsa watan Ramadan, a faɗa tun a sanarwa ko za a dakata ko za a sauya lokaci.

Faɗi tsawon tafiyar ma. "Sai inda hali ya yi" ba alkawari ba ne da mai iyali ko ɗalibi zai iya ɗauka. Wasan nan kamar adashi yake, idan mutum ɗaya ya daina zubi kowa sai ya ji a jikinsa. Ya fi sauƙi mutum ya ce na ɗauki zama 10 ko 12, idan an kai tashar ƙarshe a sake shawara.

Ɗaukar duk wanda ya fara amsawa

Saurin amsa ba ya nuna komai sai cewa wayar mutum tana hannunsa. Haka nan tara mutum bakwai ko takwas don kada a ɓata wa kowa rai ba alheri ba ne. Ta murya zalla, ba a ganin fuskar juna, mutum 4 ko 5 sun isa. Da sun wuce haka, mai kunya zai yi shiru har a tashi, mai surutu ya cinye zaman.

Aika wa kowane mai nema 'yan tambayoyi: me ya ja hankalinka a sanarwar, wane irin zama ne ya fi yi maka daɗi a baya, me zai iya hana ka zuwa ranar Asabar, da waya za ka shiga ko da kwamfuta. Wanda ya kasa ba ka amsar layi uku ba zai riƙe jarumi wata uku ba. Kada ka sa gwaninta ta zama ma'auni. Sabon shiga mai zuwa kan lokaci, mai sauraron wasu, ya fi gwanin da ya haddace dokoki yana katse kowa. Bayan haka ka shirya gajeren wasa na zama ɗaya, misali a kuɓutar da kaya daga jirgin da ke nitsewa, ka ga yadda suke da juna kafin ka ɗaura musu doguwar tafiya.

Rashin yanke maganar kyaftin

Nan ne labarin teku ya bambanta da saura, kuma nan ne na fi son jagora ya daɗe yana tunani. Jirgi na da shugaba ɗaya, amma a teburin wasa kowa daidai yake da kowa. Idan ka bar maganar a buɗe, mutum uku za su zo da jarumin da aka haifa don ya zama kyaftin. Idan ka ba wa ɗaya ba tare da sharaɗi ba, yana iya mayar da sauran yaransa, ya riƙa cewa ai umarnin kyaftin ne. Mutanen da suka bar barcinsu suka sayi data ba su zo don a riƙa aikensu ba.

Hanyoyin gyara suna nan. Jagora na iya riƙe kyaftin da kansa a matsayin mutumin cikin labari, 'yan wasa su zama manyan jami'ansa. Ko a ba ɗan wasa kujerar, da sharaɗin cewa maganarsa ita ce ta ƙarshe a lokacin faɗa da guguwa kaɗai, inda jirgi zai nufa da yadda za a raba ganima kuwa sai an yi ƙuri'a. Wannan ma yana da tushe a tarihi, domin 'yan fashin tekun Karibiyan na farkon ƙarni na 18 da yawa kan zaɓi kyaftin ɗinsu da ƙuri'a, su kuma rubuta ƙa'idojin rabon ganima kowa ya sa hannu. 'Yan wasa kan ji daɗin rubuta irin wannan takarda da kansu.

Sannan kowa ya samu aikin yi a jirgi. Ghosts of Saltmarsh ya lissafa muƙamai shida: kyaftin, mataimakinsa, mai kula da gyaran jirgi, mai tsara hanya, likita da kuku. Ka sa su a sanarwa, kowa ya faɗi biyu da yake so. In ba haka ba, ranar da aka yi arangama da jirgin abokan gaba, mai riƙe da sitiyari da mai harba igwa ne kaɗai za su yi wasa, sauran su zauna suna jiran a matso kusa.

Barin kowa ya ƙera jaruminsa shi kaɗai

Sai ka ga mutum ya zo da barde mai doki da sulken ƙarfe, ya ɓata dare biyu yana tsara shi, alhali dokin ba zai taka ƙasa ba sai bayan zama biyar. Laifin jagora ne da bai faɗa masa ba. A dokokin D&D bugu na 5 na 2014, wanda ba shi da baiwar iyo yana shan wahalar kai sara a ƙarƙashin ruwa, sai dai in makaminsa wuƙa ne, ko gajeren takobi, ko mashi, ko mashi mai baki uku. Duk abin da ya nutse gaba ɗaya, rabin illar wuta kawai ke kama shi, don haka mai tsafin wuta ya san abin da ke jiransa. Riƙe numfashi kuma minti ɗaya ne, a ƙara wasu mintuna gwargwadon makin juriyar jikin jarumi. Waɗannan bayanai layi huɗu ne, a ba mutane kafin su zaɓa.

Ka kuma ce kowa ya amsa tambaya biyu game da jaruminsa: me ya kawo shi wannan jirgin, kuma wa ya sani a ciki? Jarumin da ba ya yarda da kowa, ba ya magana da kowa, yana satar kayan abokan tafiya, a jirgi ba shi da inda zai dosa. A ce wa mai shi ya sake tunani tun a gaɓa.

Tsallake zaman share fage

Kafin wasa na farko, a yi zama ɗaya na magana zalla. Labarin teku na tafe da abubuwa masu nauyi: cinikin bayi, bulala, shan giya, nutsewa, azabtar da fursuna. Duniyar D&D kuma cike take da gumakan ƙage da masu bauta musu da tsafi. Wani ba zai damu ba, wani ba zai so jaruminsa ya kusanci wannan ba, wani kuma yana guje wa duk wasan da ake jefa ɗan lido. Kowa a girmama matsayinsa. A tambayi abin da ba a so ya fito sam, da abin da za a ambata a wuce ba tare da an zayyana ba, kuma a ba da damar a turo amsa a asirce, don ba kowa ke iya faɗa a gaban mutane ba. Idan maza da mata ne a wasan, a faɗi ƙa'idar ladabi ƙarara, kuma jagora ya tsaya a kanta.

A wannan zaman ne za a gwada kayan aiki. Taswirar teku mai motsi tana da kyau a kwamfutar jagora, amma wanda ke kan waya da ragowar data, ga wuta an ɗauke, ba zai ga komai ba. Murya da hoto ɗaya mara nauyi sun wadatar. A kuma yarda tun yanzu: idan netwok ɗin wani ya yanke ana tsakar faɗa, wa zai riƙe masa jarumi?

Rashin tanadin ƙofar shiga da fita

Ko ka yi komai daidai, wani zai tafi. Aiki zai canza, jarrabawa za ta zo, za a yi haihuwa. Tsara tafiyar ta yadda duk bayan zama uku ko huɗu jirgi zai shiga tasha, nan mai tafiya zai sauka da mutuncinsa, sabo ya hau. Ka ba wasu daga cikin ƙananan ma'aikatan jirgin suna da hali tun farko, ta yadda sabon ɗan wasa zai iya ɗaukar ɗayansu ko da ana tsakiyar ruwa. A tsayar da ƙa'ida: idan mutum ɗaya ne bai zo ba, wasa na nan, jaruminsa yana gadi a ƙasan jirgi. Idan biyu ne, a ɗaga.

Waɗanda ba ka ɗauka ba kuma kada ka bar su shiru suna jira. Rubuta wa kowa: "Malam, na gode da ka nema. Kujerun sun cika a wannan karon, amma in ka yarda zan ajiye sunanka, da an samu gurbi kai zan fara tuntuɓa." Ka ajiye sunan da gaske, tare da muƙamin da ya ce yana so da ranakun da yake da sarari, domin ranar da likitan jirginku zai sauka a tasha ta uku, daga cikinsu za ka kira wani.