Haɗa ƙananan jiragen fasinja na roba a Accra: inda aiki ke ɓaci da yadda ake gyara shi

Mai haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba yana da maɓoya. Fentinsa dishi-dishi ne, dabbare-dabbare, in tabo ya fito sai ya ce ai tsufan jirgi ne. Mai haɗa jirgin fasinja ba shi da wannan gatan. Doguwar gangar jiki ce fara sol mai sheƙi, farin fenti kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Ga shi kuma takardar bayanin da ke cikin kwalin, ko ta Revell ce daga Jamus, ko Airfix daga Ingila, ko Zvezda daga Rasha, ko Hasegawa daga Japan, waɗanda suka rubuta ta ba su san laimar Accra ba, balle ƙurar hunturu.

Tun a wajen zaɓi ake fara tuntuɓe. Kowa so yake ya fara da Boeing 747. A ma'aunin 1/144, wato ainihin jirgin ya ninka ƙaramin sau 144 a tsawo, wanda aka fi yin jiragen fasinja da shi, samfurin 747-400 yakan kai kusan santimita 49, shi kuwa 737-800 kusan 27 ne. Iyakar tsawon jirgi, iyakar tsawon layin haɗin da za ka goge. Tunda akasari sai an yi oda ko ɗan'uwa ya riƙo maka kwalin daga waje, ba ka da na biyu in wannan ya lalace. Fara da 737 ko Airbus A320, babban ya jira.

Sai gam. Sufa gulu ɗin da ake sayarwa a kowane kiyos na Nima da Mamobi ba shi ne gam ɗin wannan aiki ba. A laima irin tamu kafin ka daidaita ɓangarorin ya riga ya kama, tururinsa kuma yana bin gilasan tagogi ya bar musu farin hazo. Gam ɗin roba na ainihi, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu guda. Mai ruwa-ruwan, haɗa ɓangarorin za ka yi tukuna, ka ɗiga shi da bakin buroshi a kan layin, shi zai bi tsagar da kansa. Kada yatsanka ya kasance kusa, don gam ɗin zai bi ƙarƙashinsa ya buga maka zanen yatsa a bayan jirgi. In hakan ta faru, kada ka taɓa wurin. Bari ya bushe har gobe, ka goge da sanfefa. Tagogin gilashi kuwa farin gam irin na kafinta ya ishe su, yana bushewa garau.

Kafin ka rufe gangar jikin, tuna da nauyin hanci. Jiragen da injinansu ke baya, irin VC10 da Boeing 727 da DC-9, da zarar ka tsayar da su a kan tayoyi sai su zauna da wutsiya, hanci a sama. Ɗaure ɓangarorin da tef ba tare da gam ba, ɗora jirgin a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su zauna, ka yi ta ƙara nauyi a gaba har hancin ya sunkuya, sannan ka ɗan ƙara. Dalmar da masunta ke ɗaurawa a koma tana yi, haka ma ƙananan ƙarafan da masu gyaran taya ke mannawa a rim. Kafe su da gam mai haɗi biyu, wato efoksi. Kada ka cika hancin da foti, wato abin cike tsaga, ko gam ɗin roba, zai narkar da shi daga ciki. Wanda ya riga ya rufe kafin ya tuna, sai ya zura nauyin ta ramin tayar gaba ko ta gurbin gilashin matuƙa.

Inda aka fi shan kashi shi ne layin da ya ratsa bayan jirgi daga hanci zuwa wutsiya. Mutum ya haɗa da safe, ya goge da yamma, ya ga sumul, ya fesa fenti. Bayan mako biyu sai ga siririn layi ya dawo a ƙarƙashin fentin. Dalili shi ne robar da gam ya narkar tana ci gaba da tsukewa muddin sinadarin bai gama fita ba. Maganinsa haƙuri: bar gangar jikin kamar mako guda kafin sanfefa ta taɓa ta. Nan ne ma sufa gulu yake da rana, domin in ka cike tsaga da shi ba ya shanyewa ciki kamar foti, sai dai ka goge shi cikin awa ɗaya ko biyu, in ya kwana ya fi robar tauri. Fara da sanfefa mai lamba 400, ka koma 600, sannan 1000, kana jiƙa ta da ruwa. Kuma ka riƙa bin zagayen jikin. Masu goga gaba da baya a wuri guda su ne ke ƙarewa da jirgi mai shafaffen baya. Fesa ɗan fentin shimfiɗa mai ruwan toka, ka haska fitilar waya daga gefe. Abin da ka gani a nan, farin fenti ninka shi zai yi.

A nan kuma ake yanke shawarar tagogi: ko ka bar ramukan ka sa gilasansu, ko ka toshe su ka manna na sitika. Ni dai na fi son toshewa, don a wannan ma'aunin na sitika sun fi fitowa a jere.

Fentin mota na gwangwani da ake samu a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai yana da araha, amma tinarsa na da zafi. In ka zuba shi kai tsaye a kan roba sai ta yamutse. Dole a fara da fentin shimfiɗa, fari in jirgin fari ne, a kuma gwada a kan cokalin roba tukuna. Shi farin fenti ba ya rufewa a feshi ɗaya, wanda ya matsa masa sai ya ga yana zuba kamar hawaye. Feshi uku ko huɗu marasa kauri, da tazarar minti goma sha biyar ko ashirin, gwangwanin na nesa da kamar taƙi guda. In ya zuba, a bar shi ya bushe sarai, a goge wurin da 1000, a sake.

Yanayi ma sai an duba. A watan Mayu da Yuni iskar Accra cike take da ruwa. Tina na tashi sai fuskar fentin ta yi sanyi, raɓa ta sauka a kai, sheƙin ya koma hazo. Kada ka yi feshi da asuba, ko da dare, ko bayan an ɗauke ruwa. Jira hantsi ya dubi ludayi, ka yi a inuwa inda iska ke wucewa. In hazon ya riga ya kama, feshi ɗaya marar kauri a ranar da gari ya bushe yakan dawo da sheƙin. Daga Disamba zuwa Fabrairu laima ta ragu, amma ƙura ta zo. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kana gamawa ka kife babbar roba mai tsabta a kan jirgin. Kuma don Allah ba a cikin ɗakin kwana ba, musamman a gidan haya mai yara.

Wajen raba launi, tef ɗin takarda na masu fentin gida yana barin fenti ya kutsa ta ƙarƙashi. Sa siririn tef na masu wannan aiki a bakin layin, danne shi da tsinken sakace, ka fara fesa ɗan launin da ke ƙasa a gefensa don ya toshe kafar, sannan sabon launi. Ruwan ɗorawa da ja ba sa fitowa sai a kan fari.

Sitikar ruwa ba ta son fuska mai kaushi. Iska na maƙalewa a ƙarƙashinta, sai ka ga gefenta na ƙyalli kamar azurfa. A kan fenti mai sheƙi ake manna ta. Tsoma ta a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ajiye ta a kan tawul har ta fara zamewa da kanta. Doguwar sitikar da ke bin jerin tagogi a yanka ta gida biyu ko uku, a fara daga ƙofar gaba. In ka shafa Micro Sol, ruwan da ke sa sitika ta yi laushi ta kwanta, za ta yamutse, kada ka firgita ka kai mata hannu, da kanta za ta miƙe. Wadda ta riga ta yi ƙyalli, a tsattsaga wurin da bakin allura a ƙara ɗiga ruwan. Kwali na isowa hannunka, cire takardar sitikar ka sa a leda mai zif, don laima na manne ta da takardar da ke rufe ta. Tsohuwa kuwa, gwada wani yanki da ba ka buƙata. In ya farfashe a ruwa, fesa wa sauran fentin sheƙi marar launi kafin ka yanka.

Da yawanmu burinmu Ghana Airways ne, kamfanin da aka kafa a 1958 ya daina tashi a 2004, mai ja da ruwan ɗorawa da kore da baƙin tauraro. To, a kula da irin jirgin. VC10 ɗin da ya yi aiki da su tun tsakiyar shekarun 1960 gajerun ne, Super VC10 ya fi su tsawo da kusan mita 4, wato kusan santimita 3 a kan teburinka. DC-10 mai lamba 9G-ANA da ya zo a 1983 samfurin 30 ne, mai ƙarin ƙafa a tsakiyar ciki, wadda samfurin 10 ba shi da ita. Haka A320, wasu kamfanoni injin CFM56 suke sa masa, wasu V2500, kuma siffarsu ba ɗaya ba ce. Nemi hoton ainihin jirgin mai lambar da kake so kafin ka yanke komai.

Fukafukan jirgin fasinja ba a kwance suke ba, suna ɗan ɗagawa sama. Kafin gam ya kama, dubi jirgin ta gaba, ka tallafi bakin kowane fiffike da kwalayen ashana masu tsayi ɗaya. Tayoyi da eriya su zo a ƙarshe. In an gama, kada a ajiye shi bakin taga: rana na mayar da fari ruwan ƙwai, zafi kuma yakan lanƙwasa siraran ƙafafun. Kabad mai gilashi a ɓangaren ɗakin da rana ba ta kaiwa ya fi, ƙura kuma a kaɗe ta da buroshin kwalliya mai laushi, ba da tsumma ba.