Kurakuran da mai buga novel ɗinsa da kansa ya fi faɗawa ciki

Buga littafi da kanka akwai daɗi wallahi. Ba mai ce maka canza ƙarshen labari, ba mai ajiye rubutunka a durowa shekara guda sannan ya ce bai dace da tsarinsu ba. Kuma ran da wani da baka taɓa gani ba ya turo maka saƙo cewa bai yi barci ba sai da ya ga ƙarshen jarumarka, wannan farin cikin ba ya misaltuwa. Sai dai abin da ba a cika faɗa ma sabbin shiga ba shi ne duk aikin da kamfanin ɗab'i ke yi, tacewa, bango, tsara shafi, talla, lissafin kuɗi, yanzu ya dawo kanka kai kaɗai. Kuma yawancin kukan da marubuta ke yi in ka bi diddigi zaka samu gaggawa ce ta jawo shi.

Babban cikinsu shi ne a gama rubutu yau a sake shi gobe. Na san zumuɗin da ke kama mutum in ya rubuta "ƙarshe", amma wannan rubutun farko ne kawai, littafi bai haɗu ba tukuna. A nan ne zaka ga jaruma ta bar gidan miji da jariri a goye, babi biyu gaba an manta da jaririn gaba ɗaya, ko wanda aka ce maraya ne a babi na uku sai ga mahaifinsa yana masa faɗa a babi na ashirin. Marubuci ba ya ganin irin wannan don labarin yana cikin kansa, idonsa na karanta abin da ya yi niyyar rubutawa ne. Ka ajiye shi wasu makonni kar ka ko buɗe, in ka dawo ka karanta a bayyane da muryarka, duk inda harshenka ya sarƙe to jimlar ce ke da matsala. Ka samu ɗan littafin rubutu ka jera sunan kowa da shekarunsa da dangantakarsa da sauran. Sannan ka ba mutum biyu ko uku masu karanta irin labarinka, banda ƴan gida da aminai dan Allah, su "ya yi kyau" kawai zaka ji daga bakinsu saboda suna sonka. Kuma tacewa kala biyu ce mutane ke haɗe su: akwai mai duba ginin labari, ina ya yi sanyi, wane babi ne bashi da amfani, akwai kuma mai bin ƙa'idar rubutu da harafin da ya ɓace. Na farkon ake fara yi, meye amfanin gyara waƙafi a babin da za a cire? In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, ni dai a wurin mai tacewa zan ce ka zuba shi.

Bango kuma, ka tuna a waya mai saye zai fara ganinsa, ƙarami kamar farcen babban yatsa. Ka rage hoton zuwa wannan girman ka duba, sunan littafin na karantuwa? In baya karantuwa a sake. Kuma kar ka ɗauko hoton wata ko zanen wani daga Google ka manna, yana da mai shi, za a iya sauke maka littafin a kan haka.

Sai tsara shafi. PDF fasalin takarda ne, a ƙaramar waya sai an ta jan shi hagu da dama, EPUB shi ne ke bin girman allon mai karatu. In rubutunka na da ƙ da ɗ da ɓ ka tabbata salon haruffan da ka zaɓa yana ɗauke da su, in ba haka ba sai ka buɗe ka ga ƴan akwatuna a tsakiyar kalma ko harafi ɗaya ya fita daban da ƴan uwansa. Na takarda kuwa kar ka yarda a fara sayarwa sai ka riƙe kwafin gwaji a hannunka ka ga ko rubutun bai shige cikin ɗinki ba.

Toh, maganar kuɗi, nan ne zuciya ke ƙuna sosai. Wasu sukan kwashe duk abin da suka tara su buga kwafi dubu don an ce da yawa ya fi sauƙi, ƙarshenta kwalaye na jibge a ɗaki suna shan ƙura. Ka fara da kaɗan, ko ka bi tsarin da sai an saya ake buga kwafin, irin wanda KDP (dandalin Amazon na masu buga littafi da kansu) da kamfanin IngramSpark ke yi. Kuma dan Allah a riƙa karanta sharuɗɗa. KDP da aka buɗe tun 2007 yana da kaso iri biyu da yake ba marubuci daga kuɗin littafin waya, 70 cikin 100 da 35 cikin 100, kuma a shagon Amurka sai farashinka ya kai dala 2.99 kafin ka shiga na 70 ɗin, wanda ya sa ƙasa da haka 35 zai samu. A tsarin 70 ɗin ma ana cire kuɗin aikawa gwargwadon nauyin fayil, shi ya sa cusa manyan hotuna ke cin riba. Akwai fom na haraji da mutane ke cikewa a gurguje, alhali wanda ba ɗan Amurka ba ana iya riƙe masa har kashi 30 na cinikin da ya yi a can in ƙasarsa bata da yarjejeniyar haraji da su. Kuɗin kuma ba nan take yake zuwa ba, sai kusan kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin, saboda haka kar ka ci bashi da sunan gobe za a biya ka.

Wani tarkon shi ne KDP Select. Ana danna shi don littafi ya shiga Kindle Unlimited, tsarin Amazon na karatu da kuɗin wata, inda ake biyan marubuci bisa shafukan da aka karanta, wannan ba laifi, amma sharaɗinsa na kwana 90 ne littafin wayar ba zai kasance a wani shago ko shafi ba sai wurinsu, kuma yana sabunta kansa in baka cire ba. Wanda cikakken labarinsa ke kan Wattpad ko shafinsa ya saɓa sharaɗi kenan ko bai sani ba. Ka zaɓi ɗaya, ko ka tsaya musu su kaɗai, ko ka baza shi shaguna da yawa ta irin su Draft2Digital.

A yi hattara kuma da masu turo saƙo wai sun ga littafinka ya burge su zasu buga maka su kai shi duniya, kawai ka biya kaza. Kamfanin ɗab'i na gaske shi ke biyan marubuci. In kai zaka biya to aiki ka saya, kuma wanda ka saya aiki a wurinsa bashi da dalilin riƙe haƙƙin mallakar littafinka, ka duba takardar da kyau kafin ka sa hannu. Haƙƙin nan naka ne tun lokacin da ka rubuta a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, ba sai wani ya baka ba. Lambar ISBN ma ba ita ce haƙƙin mallaka ba, lambar shaidar bugu ce mai alƙaluma 13, kowane irin bugu da tasa, kuma wadda KDP ke bayarwa kyauta a wurinsu kaɗai take aiki.

Abin da ya fi karya gwiwa kuwa shi ne shirun da ke biyo bayan fitowar littafi. Mutum ya sha wahala shekara ya ɗora, sati ya wuce kwafi uku aka saya, sai ya fara tura "ku sayi littafina" a kowane guruf safe da yamma har a gaji da shi. Talla tun kafin littafi ya fito ake fara ta, ka riƙa sakin ɗanɗano, ka nuna bango, ka tara lamba ko imel na masu son rubutunka da izininsu don ran fitowa ka san wa zaka sanar. Bayanin bayan littafi ma ka bashi lokaci, ya nuna waye jarumi da abin da ke shirin kuɓuce masa, ya tsaya nan.

In wani ya rubuta sharhi mai zafi, kar ka sauka kuna cacar baki a bainar jama'a, masu kallo kai zasu riƙe a rai. Ka bari zuciya ta huce ka sake karantawa. Mutum ɗaya in ya ce bai ji daɗin labarin ba ra'ayinsa ne, amma in mutum biyar da basu san juna ba suka ce tsakiyar littafin ta ja da yawa, to ka rubuta wannan ka ajiye kusa da kai, ka duba shi lokacin da kake tsara babi-babin littafi na gaba.