Yadda ɗan wasan besbol daga Saudiyya zai shiga idon kociyoyin jami'o'in Amurka

Kocin jami'ar Amurka ba zai zo Jidda ko Dahran kallon ɗanka ba, sai dai ku same shi can. Hanya biyu ce: ranar gwaji irin ta Perfect Game, kamfanin Amurka da ke auna matasan 'yan besbol a gaban kociyoyi, ko ƙungiyar da ke yawon gasa a Yuni da Yuli.

A ranar gwaji alƙaluma ake dubawa. Gudun yadi 60 ana son ƙasa da daƙiƙa 7. Mai cafke ƙwallo a bayan mai duka kuwa, jifarsa ta kai tushe na biyu cikin daƙiƙa 2 ko kusa. Kada ka yanki tikiti sai an auna yaron a gida da agogo, domin mummunan sakamako yana zama a shafinsa na intanet na masu gwajin kowa ya gani. Ku sauka da kwana uku a hannu, bambancin lokaci na awa bakwai zuwa takwas tsakanin Saudiyya da gabashin Amurka, kamar jihar Jojiya, yana kashe jiki.

Yawon gasa ya fi nuna halin yaro, amma ka tambayi wasa nawa zai buga. Zaman benci asarar riyal ne kawai.

Kociyoyin rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba sa tuntuɓar yaro sai 1 ga Agusta kafin ya shiga aji 11, wato aji na biyu daga ƙarshe a sakandaren Amurka. Kafin nan a yi masa rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA, a fassara takardun makarantarsa daga Larabci zuwa Turanci.